Wayar da Inna Hanatu ta ajiye a adaka

A unguwar Ridina ba mai kiransa Abdulnasir sai limamin da ya raɗa masa sunan, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Masu kawo gyara Usta suke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai sana'ar hannu a Njamena. Tsofaffin unguwa kuwa Nasirun Mairama suka sani, don uwarsa ta fi ubansa suna a wajen mata. Rumfarsa ta kwano ce, jingine da katangar wani gida a kan hanyar kasuwa. Tebur ɗaya, benci ɗaya, fitila mai dogon wuya, sai kwali cike da matattun wayoyi a ƙarƙashin ƙafarsa. Bai rubuta komai a bakin rumfar ba. Ya ce wanda aka gyara wa abu zai faɗa wa wani, wanda aka ɓata wa ma zai faɗa.

Ubansa mahauci ne. Kakansa yana cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka, suka tsaya a nan don su yi noman damina ɗaya su ƙara guzuri, har yau jikokinsu ba su tashi ba. Abdulnasir ya riƙe wuƙa yana yaro, ya ga hannunsa ba na nama ba ne. Sai ya liƙe wa wani mai gyaran rediyo a unguwar Ambassatna, ya yi masa shara da ɗebo ruwa har ya koyi narka dalma da bin hanyar wuta a cikin inji. A farkon shekarun casa'in ya kafa tasa rumfar.

Lokacin kaset ke ci. Wanda yake da ɗan'uwa a Sudan ko Jidda ko Kano sai ya zauna gaban rediyo, ya danna jan maɓalli, ya yi ta magana har kaset ta cika, sannan a ba matafiyi. Bayan watanni amsa ta zo a aljihun wani, ta sha rana ta sha gumi. Rediyo ya tauna ta tun ba a gama gaisuwa ba, sai a kwaso ta kamar hanjin kaza a kawo wa Usta. Ya warware zaren a kan cinyarsa, ya yanke inda ya lalace da reza, ya haɗa bakin biyu, ya naɗe da biro. In zai miƙa, magana ɗaya yake faɗa wa kowa: kada a yawaita kunna ta, kowane ji yana cin murya. Gaskiya ce kuma, a kan kaset.

Da wayar hannu ta shigo gari, masu gyaran rediyo da yawa suka rufe rumfa, wasu suka koma tuƙin babur. Shi ya tsaya. Ya sayi matattu ya buɗe, ya ƙara kashe wasu, ya tayar da wasu. Kafin wayoyi masu ɗaukar hoto da murya su cika hannun dillalan shanu, ya riga ya samu tsohuwar kwamfuta, ya ɗora ta a kan bulo don kada ruwan damina ya same ta.

Yana da hanyar aikinsa, ba ya kuma canja ta don fuskar kowa. Duk wayar da aka kawo da sauran numfashi, ba zai kwance ko ƙusa ɗaya ba sai ya kwashe abin da ke cikinta, lambobi da hotuna da muryoyi, ya zuba a kwamfuta. Masu gaggawa ba sa son haka.

"Usta, gilashi kawai na ce ka canja mini."

"Zan canja. Zauna."

"Shanuna suna jirana a kasuwa."

"Lambobin masu sayen shanun suna ina?"

Sai mutum ya zauna. In an gama gyara, a mayar masa da kayansa cikin wayar, a goge na kwamfuta a gaban idonsa. Kuma Abdulnasir ba ya kallon hoton kowa, ba ya sauraron muryar kowa. In ana kwafa, kansa yake juyarwa wajen titi yana kallon jakuna. Ya ce abin da ke cikin wayar mutum tamkar ƙuryar ɗakinsa ne, shi gyara aka kira shi, ba leƙe ba.

Haka shekaru suka tafi. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya nemi tabarau, yatsunsa suka cika da tabon ƙuna. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba.

A ƙarshen daminar dubu biyu da tara, wata safiya, babur ya tsaya a bakin rumfar. Mukhtar ne, wani mai fataucin dabbobi da suka taso tare, ya ɗauko uwarsa, Inna Hanatu. Ƙawar Mairama ce tun suna amare. Ta yi shekaru tana dafa kai da ƙafa a ƙofar gida, rabin samarin unguwa da romonta suka girma, har gwiwa ta zaunar da ita. Ta sauko da ƙyar, rungume da wani ƙunshi na farin ƙyalle. Ƙamshin humra ya riga ta isowa tebur.

"Nasirun Mairama, ba ka tashi ka gaishe ni? Ko ƙarfe ya cinye maka ladabi?"

"Ina tashi, Inna. Gwiwata ce ta fara koyi da taki."

Ya share mata benci, ya durƙusa ya gaishe ta, ya sake yi mata gaisuwar rashi. A makon da ya wuce ne labari ya iso cewa yayarta Zuleha ta rasu a wani ƙauye bayan Gadarif ta ƙasar Sudan, ya kuma je gida ya yi ta'aziyya tare da mutane.

Kowa a unguwa ya san labarin Zuleha. Lokacin da iyayensu suka yada zango a nan, garin ana ce masa Forlami, ita aka aurar wa wani mutum da ya rantse sai ya ga Ka'aba. Ita da mijin suka ci gaba da tafiya gabas, suka bar Hanatu a nan tana ƙaramar yarinya. Su ma ba su isa ba, Sudan ta riƙe su. 'Yan'uwan biyu ba su sake haɗa ido ba. Sun yi ta aika wa juna kaset, amma kaset ɗin da ta zo, a kanta ake ɗora amsa a mayar, don haka ba ko ɗaya da ta zauna a hannun kowa. Shekara huɗu da suka wuce, kafin hanya ta lalace, Mukhtar ya bi ayarin fatake ya nemo gwaggon tasa. Ya same ta ta tsufa tukuf, ya kanga mata wayarsa a baki ta yi wa ƙanwarta magana. Da ya dawo, sai ya miƙa wa uwarsa wayar ɗungurungum, kamar yadda ake miƙa kaset, ya sayi wata.

Inna Hanatu ta kwance ƙunshin a kan tebur. Wayar tana ciki, ta yi maiƙo, bayanta ya kumbura har murfin ya ɗage.

"A ina kika ajiye ta, Inna?"

"A adaka. Cikin likkafanina na naɗe ta, kusa da ruwan zamzam. Kwalbar humrar ce ta ci amanata, bakinta ya tsage ban sani ba."

"Sau nawa kika kunna ta?"

"Sau ɗaya. Ranar da ya kawo."

"A shekara huɗu?"

"Ai kai ka ce ji yana cin murya. Na ce tunda Yaya tana raye, bari in adana, akwai ranar da zan buƙata. To ga ranar ta zo."

"Kaset na ce, Inna."

"To wannan ba kaset ba ce da ta yi makarantar boko?"

Abdulnasir bai yi dariya ba, bai kuma yi musu ba. Ya ɗaga murfin da farce. Batirin ya kumbura kamar ƙosai, ya zubar da ruwansa, ƙarafan ciki sun yi kore. Ya duba ramin kati, ba komai.

"Katin fa?"

Mukhtar ya sosa ƙeya. "Na cire tun lokacin, hotunan shanuna ne a ciki. Na duba shekaranjiya, maganar ba ta kansa."

"To tana cikin wayar kanta ke nan. Wani ya taɓa ta bayan an fito da ita?"

"Na ɗan saka ta a wuta jiya."

"Ka saka ta a wuta."

"Kaɗan, Usta. Da na ji tana wari na zare."

Abdulnasir ya kalle shi ta saman tabarau har Mukhtar ya mayar da idonsa kan babur.

"Zan duba, Inna."

"Ce mini za ta tashi."

"Ba zan ce ba."

"Uwarka sak. A roƙe ta magana mai daɗi, sai ta tura maka kwanon tuwo." Ta ninke farin ƙyallen a kan cinyarta a hankali. "Ba wayar nake so ba, ɗan nan. Ka fasa ta in ka ga dama. Ba wanda ya rage a duniya da ke ce mini Hanne. A ciki kawai ya rage."

Ya ture sauran aikin gefe. Ya kwance wayar gaɓa-gaɓa a kan farin faranti, ya wanke allon cikinta da alkol da tsohon buroshin haƙori, ya shanya a inuwa, ya sake wankewa. Man humra ba ya fita da sauƙi, ya shiga ƙarƙashin kowane ɗan ƙarfe. Ya kankare koren da bakin allura, tabarau a kan tabarau, har wuyansa ya ƙage. Gilashin ya mutu, sai ya zazzage kwalin ƙarƙashin tebur ya samo irinta, ya ciro nata ya ara mata. Inda ake soka igiyar kwamfuta kuwa ya cinye sarai, ba abin da za a dasa sabo a kai.

Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa Na'ima ta shinshina rigarsa ta ajiye ludayi.

"Kwana biyu kana dawo mini da ƙamshin amare. Wace ce?"

"Ta girmi uwarki."

"Su ne masu haɗari."

Ya ba ta labari yana cin tuwo. Ya ce da safen nan ya ba wayar wuta daga wani batiri, ta buɗe ido. Ya ga maganar tana nan, guda ɗaya tal. Ya nemi ya tura ta ta iska zuwa tasa wayar, wannan ɓangaren bai amsa ba. Ya saka kati, ba ta gan shi ba. Yana cikin haka ya ji allon yana zafi a ƙarƙashin babban yatsansa, kafin ya zare wuta ta ɗauke da kanta.

"Ta mutu ke nan?"

"Ba ta mutu ba. Akwai wani ɗan abu a ciki da wutar Mukhtar ta ƙona rabinsa. In ya huce za ta sake tashi. Amma in na kai masa ƙarfen dalma zai ƙarasa, ya tafi da komai. Ina jin tashi ɗaya ya rage mata, ko biyu in Allah ya so."

"To yaya za ka fitar da maganar?"

"Lasifikarta tana aiki. Sai dai a kunna ta ta yi magana, a kanga wata wayar a bakinta ta ɗauka."

"To ka yi mana."

Ya juya loma a hannunsa. A rumfa zai fi masa sauƙi, kayan aikinsa duk suna kusa. Amma ɗaukar na iya ɓaci, babur ya wuce, ko wayar ta mutu a tsakiya. In haka ta faru, shi ne mutum na ƙarshe da zai ji Zuleha, shi da bai taɓa ganinta ba, ita kuwa mai abin tana gida tana jira. Ya wanke hannu ya ce, "A ɗakinta za a yi. In sau ɗaya ne, ita ya kamata ta ji."

Washegari da hantsi ya biya ta wajen masu kifi ya karɓi ƙanƙara a leda. Ya ɗauki faranti, da batiri, da allon wayar a naɗe cikin auduga, ya taka zuwa gidan Inna Hanatu da ƙafa, don bai yarda da girgizar babur ba.

Ɗakinta ƙarami ne, gado da adaka da jeren kwanoni. Ya sa Mukhtar ya kora kaji bayan gida, ya roƙi maƙwabciya ta dakata da daka, aka rufe taga, aka saki labule. Ya shimfiɗa tsumma a kan ƙanƙarar, ya ɗora farantin, ya kwantar da allon a kai don sanyi ya riƙe zafin. Ya ajiye tasa wayar a dama da lasifikar, ta Mukhtar a hagu, ko ɗaya ta ƙi ɗaya ta ɗauka.

Inna Hanatu ta yi wanka, ta sa sabon zane, ta ɗaura kallabi mai kyau. Tana zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa.

"Inna, abu ɗaya nake roƙo. In ta fara, kada ki yi magana. Ko tari ne ki haɗiye. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zai shiga ciki, ba kuma za a iya sakewa ba."

"Ni yarinya ce? Na ji."

"Kai ma, Mukhtar."

"Ni ko numfashi na daina."

Abdulnasir ya yi bisimilla ya haɗa batirin. Gilashin ya yi fari, ya yi duhu, ya sake yin fari. Ya jira, yatsansa a kan allon. Ya danna wayoyin biyu suka fara ɗauka, sannan ya taɓa maɓallin da bakin ƙusa. Da ma ya saba juya kai a irin wannan lokaci. Yau ba halin haka, dole ido da kunne su tsaya.

Aka fara jin iska da kukan akuya daga nesa. Sai muryar Mukhtar, tana cewa, "Yi magana, Gwaggo, tana ɗauka." Sai wata murya siririya, mai rawa, ta bakin da ba haƙora.

"Salamu alaikum, Hanne."

"Wa alaikumus salam, Yaya," in ji Inna Hanatu, da ƙarfi, kamar mai amsa wa wanda ke bakin zaure.

Abdulnasir ya runtse ido. Ya ɗaga hannu yana yi mata alama, amma ba shi take kallo ba. An yi mata sallama, ba a kuwa barin sallama a ƙasa. Tun tana yarinya ba ta taɓa bari ba, ba yau za ta fara a kan yayarta ba.

"Kina lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ina gajiya? Yaya jikin?"

"Da sauƙi. Gwiwa ce kawai."

"Yaya yara, yaya jikoki?"

"Duk suna nan ƙalau."

Ya sauke hannunsa. Ya lura da wani abu. Bayan kowace tambaya Zuleha tana yin shiru, shiru mai ɗan tsawo, sai kukan akuyar kawai. Ta bar wa ƙanwarta wurin amsawa. Haka tsofaffi suke yi tun zamanin kaset, shi ne bai taɓa tsayawa ya saurara ba balle ya sani. Maganar Inna Hanatu tana faɗawa cikin shirun daidai, ba ta taka ko kalma ɗaya ba.

Zuleha ta ci gaba. Ta ce ɗan nan da aka aiko mata, tafiyar Baba ce da shi, har yadda yake karkata kafaɗa, sai dai ba ya cin abinci, ko ba a koya masa ba ne. Mukhtar ya toshe bakinsa da hula. Ta ce idonta ɗaya ya tafi, ɗayan yana nan yana gadi. Ta ce a ƙasar nan akwai dawa, akwai riɗi, amma ba su san daddawa ba, miyarsu kamar an wanke kwano, in an samu mai zuwa a aiko mata ko ƙulli ɗaya ne.

"Na aika, Yaya," in ji Inna Hanatu a hankali. "Ban sani ba ko ta isa."

"Hanne, kin iya tuƙa tuwo yanzu, ko har yau da gudaji?"

"Ji ta fa! Ni da na aurar da jika!"

A cikin wayar tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya, kamar ta ji. Inna Hanatu ma ta kama, tana dariya hawaye yana bin kuncinta yana ɗiga a sabon zanen.

Ƙanƙarar tana narkewa, ruwa ya fara bin tabarma. Abdulnasir yana jin zafin yana taruwa a ƙarƙashin yatsansa. Ya danna allon a jikin farantin sosai, yatsan yana ƙuna, bai ɗaga ba. Gilashin ya fara rawa.

Zuleha ta shiga addu'a. Allah ya jiƙan Inna da Baba. Amin. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya ba su isa ba. Amin. Allah ya raya zuriya, ya sa wani a cikinsu ya kai inda aka nufa. Amin, amin. Allah ya sa in ba mu gana a nan ba...

Gilashin ya yi baƙi.

"Amin," in ji Inna Hanatu.

Ruwa yana ɗiga daga ledar. Abdulnasir ya tsayar da wayoyin biyu. Ya jira allon ya huce, ya sake ba shi wuta. Ba abin da ya motsa. Ya canja batiri, ya sake. Ya kai allon hancinsa, ya ajiye.

"Kalas, ta mutu," ya ce. "Ban kai ki ƙarshe ba, Inna."

"Saura kaɗan ne. Gaisuwar mutanen unguwa ce ta rage, na tuna. Rabinsu ma sun riga ta tafiya." Ta share fuska da bakin kallabi. "Nuna mini yatsan nan."

"Ba komai."

"Nuna mini, na ce."

Yatsan ya yi bororo fari. Ta kama hannun ta tsoma shi cikin ruwan ƙanƙarar, ta riƙe shi a can kamar hannun yaro.

Da ɗayan hannun ya kunna abin da wayarsa ta ɗauka. Ya fito. Akwai ɗan shuu a bayansa, amma kowace kalma tana nan. Sallama, amsa. Tambaya, amsa. Wanda bai sani ba zai rantse tsofaffi biyu ne a kan tabarma ɗaya. Ta Mukhtar ma ta ɗauka, har da dariyarsa da ya so ya ɓoye.

"Usta," in ji Mukhtar, "tunda ba su hau kan juna ba, ba za ka iya yanke muryar Inna a kwamfuta ba? A bar ta Gwaggo ita kaɗai, yadda take da."

"Zan iya. Aikin yini ɗaya ne."

Inna Hanatu ta saki hannunsa. "Ka yanke wa?"

"Taki, Inna," in ji Mukhtar, "don tata ta fito tsaf..."

"Shekara sittin ban zauna ɗaki ɗaya da ita ba. Yau an haɗa mu, kai da ɗan Mairama za ku sa reza ku raba? Wanda ya taɓa, ban yafe ba."

Ba wanda ya taɓa. A ranar Abdulnasir ya kwafa maganar a kati, ya kwafa a faifai guda biyu. Ɗaya ya ba Mukhtar ya ce ya kai gidan ƙanwarsa a unguwar Diguel, kada duka su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗayan aka ajiye wa Rakiya, 'yar Zuleha, sai an samu mai zuwa Gadarif. Ya tono wata waya mai sauƙi daga kwalinsa, ya gyara ta, ya saka katin, ya shirya ta yadda maɓalli ɗaya za a danna magana ta fito. Ya ɗiga wa maɓallin farin fenti don idon tsohuwa.

Da ya kai mata, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Inna, akwai guda a kwamfutata. Ƙa'idata in goge a gabanki. Amma wannan ina so in bari, in kin yarda. Ko wani abu zai samu sauran."

"Bar shi. Ai ka riga ka ji gudajina." Ta juya wayar a tafin hannunta. "Wannan sau nawa zan iya ji kafin ta cinye?"

"Ba ta cinyewa. Ki ji safe da yamma. Abin da ba ta so shi ne adaka. Kullum ki ba Mukhtar ya sa mata wuta."

"Mukhtar da wuta kuma?"

"Wannan karon na yarda masa."

Ta tura masa kwano da ƙafa. Romon ƙafar saniya ne, ita ta tashi ta dafa da kanta, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya shanye, bai ce ya yi daɗi ba, ya dai miƙa kwanon aka ƙara.

Hanyarsa ta zuwa rumfa ta bayan ɗakinta take bi. Bayan 'yan kwanaki yana wucewa da safe ya ji murya uku ta taga. Zuleha tana tambayar jiki, Hanatun cikin waya tana cewa da sauƙi, gwiwa ce kawai, sai Hanatun kan gado ta katse ta.

"Ƙarya take, Yaya, har da bayan. Kunya ce ta hana ta faɗa, akwai maza a ɗakin."

Abdulnasir ya gyara jakar kayan aikinsa a kafaɗa ya wuce. Akwai mutum biyu a kan benci suna jiransa, ɗaya ya riga ya fara cewa gilashi kawai yake so a canja.